Koren Ɗigon da Ke Gefen Sunansa

Ranar da Rahma ta fara ganin Umar Faruk, hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarsa. Ba wanda ya dake shi, ba kuma wanda ya mutu. Ta rumfar da mata ke yanke lawashi ya biyo, a harabar siton Alhaji Ɗantani da ke Aliero, yajin sabuwar albasa ya shige masa ido. Ya tsaya a bakin ofis rungume da jakar kwamfuta, yana sallama yana matsar ƙwalla.

Ta so ta danne dariyarta, dariyar ta ƙi. Ta miƙa masa gorar ruwa ta ce, "Sannu da zuwa Aliero, malam. Haka muka tarbon baƙi nan garin."

Ya wanke ido, ya ɗago ya dube ta sosai, sai ya manta abin da ya zo faɗa. Ita ma ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Rahma ce 'ya ta uku a wurin Alhaji Ɗantani, kuma tun da ta gama jami'a take riƙe masa ofis. Sito uku gare shi: na Aliero inda ake tara albasa daga gonaki, na Maiyama, da na Jega inda manyan motoci ke lodi zuwa kudu. Kowane sito da littafinsa, kowane littafi da nasa zancen. Mota kan kwana biyu a Jega tana jiran kayan da ke Maiyama, alhali kowa na rantsuwa suna Aliero. Ita ta matsa wa mahaifinta har ya yarda a kawo manhajar da za ta haɗa komai wuri guda: kaya, motoci, direbobi, manoma da masu saye. Wani ɗan ƙaramin kamfani a Birnin Kebbi ne ya turo Umar Faruk, ɗan wani malamin makaranta daga Maiyama, ya kafa musu ita.

Da ya zauna yi wa Alhaji bayani, ya ce manhajar ba a cikin kwamfutar ofis take zaune ba, tana can a intanet, abin da masu aikin ke kira gajimare. Ko kwamfuta ta ƙone ba abin da zai ɓata, kuma wanda ke Jega da wanda ke Maiyama abu ɗaya za su riƙa gani a wayoyinsu.

Alhaji ya shafa gemu ya ce, "To, ɗan gajimare. Ni dai albasata ƙasa taka zama."

Daga ranar sunan ya bi shi.

Mako uku ya yi yana koya wa ma'aikata. Rahma ta iya komai a kwana huɗu, amma sai ga shi kullum tana da sabuwar tambaya, shi kuma kullum yana da doguwar amsa. Matan da ke yanke lawashi sun riga su gano abin da ake ciki, domin duk lokacin da babur ɗinsa ya tsaya sai wata ta ɗaga murya ta ce a share hanya, mai kuka ya iso.

A gefen allon manhajar akwai jerin sunayen masu amfani da ita. Duk wanda ya buɗe, wani ɗan koren ɗigo kan haska kusa da sunansa. Bayan ya gama aikin ya koma, Umar Faruk kan shiga kowace safiya da bakwai ya duba ko komai na tafiya daidai. Rahma ta lura ita ma ta koma buɗe tata da bakwai daidai, ita da a da sai takwas ta wuce take zama a kujera.

Wata safiya saƙo ya shigo wayarta.

"Manaja, barka da asuba. Na ga ɗigonki ya haska. Aikina in duba lafiyar manhaja, amma gaskiya shi nake fara dubawa. Idan na yi laifi a yafe mini."

Ta karanta ya fi sau biyar kafin ta amsa.

"Malam Gajimare, laifi kam ka yi. Hukuncinka shi ne gobe ma ka sake."

Haka aka fara. Kafin damina ta faɗi ya daina kiranta Manaja sai Rahmata, ita kuma ta ajiye Malam Gajimare sai ranar tsokana, sauran ranaku Injiniyana. Yakan zo zance ranar Asabar, su zauna a zaure, ya kawo mata mangwaron Maiyama a leda. Mahaifiyarta, Inna Rabi, ta san da maganar kuma ba ta ƙi ba. Suka shirya cewa da zarar Alhaji ya dawo daga aikin Hajji, kawun Umar Faruk zai zo neman izini.

Akwai dai Shafi'u, ɗan aminin Alhaji, mai motoci huɗu a Jega, wanda ya daɗe yana aiko da turare da atamfa ana mayar masa da godiya. Ba mugun mutum ba ne. Rahma ce kawai zuciyarta ba ta taɓa motsawa ba idan an ambace shi.

Alhaji ya tafi Makka ya bar mata ragamar sito. A duk shekarun baya, shi da kansa yake zagaya rudu-rudun da ake jibge albasa a ciki, ya ɗauki ɗaya, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya shinshina, sannan ya ce wannan a fitar, waccan a bar ta. Bai taɓa rubuta dalili ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa. Manhajar kuwa da ƙa'ida ɗaya Umar Faruk ya saita ta, wadda ake bi a kowane sito na zamani: abin da ya fara shiga shi zai fara fita.

Wadda ta fara shiga a bana ita ce albasar tsoho Yari na Danwarai, ƙanana masu tauri. Wadda ta zo daga baya, buhu ɗari uku, ta wani manomi ce Ayuba daga fadamar Gehuru, manya-manya masu ɗaukar ido. Da masu saye suka turo motoci, manhaja ta ce a loda ta Yari.

Ranar da za a yi lodin, Rahma ta bi ta gefen rudun Ayuba, wani ɗan wari ya taɓa mata hanci, kaɗan ne ƙwarai, irin wanda sai wanda ya tashi cikin albasa zai ji. Ta tsaya. Ta dubi wayarta, ta ga abin da allo ya ce. Ta tuna yadda Umar Faruk ya yi ta fama kafin ya kafa wannan tsari, da yadda idonsa ke haske idan yana bayaninsa. Ta ce a ranta wataƙila hancinta ne, ta sa hannu aka loda ta Yari.

Ruwa ya sauka kwana uku a jere. Kafin Alhaji ya dawo, fiye da rabin albasar Ayuba ta zama ruwa, ana kwasarta da shebur, mutanen unguwa na toshe hanci.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya aika aka kira Umar Faruk. Rahma na ofis, ƙofar a buɗe, tana jin komai. Ta yi tsammanin zai ce ma'aikata ne suka shigar da kwanan wata ba daidai ba, ko ya ce manaja ce ta sa hannu, domin gaskiya ne. Bai ce ko ɗaya ba.

"Baba, laihina na," ya ce. "Ni nis saita ta. Na ɗauka albasa duk albasa ta."

"Albasar Yari tana kai wata bakwai ba ta ce uffan ba," in ji Alhaji. "Ta Ayuba ta sha taki, ta sha ruwa har ranar cira, ta sayarwa ta nan take. Yaro ɗan shekara goma garin ga ya san haka. Na ji kuma ana zancen kawunka za shi zaka. Ka ce mai shi huta. Ba ni ba da ɗiyata ga wanda bai san abin da muka ci da shi ba."

Da yamma ya kira Rahma gaban Inna Rabi, ya ce ba waya, ba saƙo, ba zance. Ta buɗe baki za ta ce ita ma ta ji warin, tsoro ya riƙe mata harshe. Ta yi alkawari, ta nemi izinin aika saƙo ɗaya na sallama, ya ɗaga mata kai.

"Injiniyana, Baba ya hana, kuma na yi masa alkawari. Kada ka kira, don idan ka kira ban san ko zan iya ƙin ɗauka ba. Ka yafe mini abin da ka sani da wanda ba ka sani ba."

Amsar ba ta daɗe ba.

"Rahmata, ki riƙe alkawarinki, ni ma zan taya ki riƙewa. Baba bai zalunce ni ba. Ba zan kira ba, amma ban tafi ba."

Manhajar dai ba a rufe ta ba, domin direbobi sun riga sun saba, kuma mota ta daina kwana a Jega tana jiran kaya. Alhaji ya ce a bar ta ta riƙa faɗin inda kaya suke, amma kada ta sake faɗin wanda za a fitar. Saboda haka Umar Faruk ya ci gaba da shiga kowace safiya daga can inda yake.

Abin da ya rage wa Rahma ke nan a duniya. Da bakwai za ta zauna, ta buɗe, ta zuba wa gefen allo ido. Ɗigon zai haska. Ba kalma, ba murya, amma ta san yana can zaune, ta san kuma yana ganin nata. Wani lokaci minti ashirin, wani lokaci rabin awa, sannan ya dushe, ita kuma ta ɗauki biro ta fara aiki. Sau nawa ta rubuta "ina kwana" a waya ta goge, Allah kaɗai ya sani. Ta rame har Inna Rabi ta fara dafa mata abin da take so tun tana yarinya, tana ci don kada ran uwar ya ɓaci.

Kewa ba ta da kunya. Ranar da aka kawo mangwaro gidan, tashi ta yi ta shige ɗaki.

Da damina ta ja baya, lokacin da manoma ke zuba irin albasa, sai abu ya canza. Ta buɗe da bakwai, ɗigon bai haska ba. Ta duba bayanan shiga, ta ga ya riga ya shigo tun shida saura, minti biyar kacal, ya fita. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ta koma buɗewa a wayarta da ta idar da sallar asuba, don dai ta riski minti biyar ɗin nan. Tana riskarsu, amma ba sa isarta, kuma zuciya ta fara raya mata cewa mai gaggawar fita yana da inda yake gaggawar zuwa.

Shafi'u ne ya ba zargin suna. Ya zo duba lodi, ya tsaya a bakin ofis yana juya makullin mota, ya ce shi ba mai kai gulma ba ne, amma direbobinsa kullum suna ganin babur ɗin ɗan gajimare a Danwarai, a ƙofar gidan tsoho Yari, tun da sassafe. Ya ƙara da cewa Yari na da 'ya budurwa, Hanan, wadda ake zancen kyanta har Jega.

Rahma ta ce Allah ya sanya alheri, da murya wadda ita kanta ba ta gane ba. Da ya tafi ta kifa kai a tebur ta yi kuka mai isarta, ba ta kuma da lawashin da za ta ɗora wa laifi.

Ta yi fushi, ta rantse ba za ta sake duba ɗigon ba. Kwana biyu rantsuwar ta yi, ta yi kaffara ta koma.

Ana cikin haka Alhaji ya kira ta ya ce mahaifin Shafi'u ya yi masa magana. Ya ce ba zai tilasta mata ba, amma ita ma ta san shekaru ba sa jira. Ta roƙe shi ya ba ta zuwa fitar sabuwar albasa. Ba ta san me take jira ba. Ta dai san mutumin da ya ce "ban tafi ba" bai taɓa yi mata ƙarya ba, kuma ɗigon bai taɓa fashin rana ɗaya ba.

Wata biyar suka wuce a haka.

Da aka fara cirar albasa, Alhaji ya shirya zuwa Danwarai ganin amfanin Yari kamar yadda ya saba, ya ce ta biyo shi da wayarta ta shigar da buhuna. Ta so ta ce ba ta da lafiya, sai kuma ta ga gara ta ga abin da idonta a huta.

Gonar ta cika da mutane, an shanya albasa layi-layi da lawashinta tana shan rana. Wata budurwa mai fara'a ta taso da kwanon ruwa, ta gaida Alhaji, ta dubi Rahma tun daga sama har ƙasa, ta yi murmushi.

"Ke ta Rahma? Ni Hanan. Wallahi kin hana mu sakat gidanmu. Mutumin ga in yab buɗe baki, in ba albasa ba, ke. Ni da za a kai ɗaki bayan Salla, ko angona bai ambatona haka."

Ta nuna can ƙarshen layi. Wani mutum ne durƙushe cikin tsohuwar riga da malfa, ya yi baƙi, ya bushe, yana ware albasa kashi-kashi. Sai da ya ɗago Rahma ta gane Umar Faruk ne.

Tsoho Yari ya ba Alhaji labari. Tun lokacin zuba iri yaron ya zo ya durƙusa ya ce a koya masa albasa. Ya yi dashe, ya yi ban ruwa, ya ga ranar da ake yanke wa gona ruwa da dalilin yankewar. Kullum yana gona kafin rana ta fito, sai azahar yake tafiya aikin kamfaninsu. Yari ya ce da farko dariya suke masa, yanzu kuwa shi ake kira idan an yi gardama.

Alhaji ya taka cikin layukan albasar. Ya zagaya, ya tsinto albasa uku daga wurare daban-daban, ya zube su gaban Umar Faruk.

Umar Faruk ya ɗauki ta farko, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya shinshina, ya ce wannan za ta kai wata bakwai. Ta biyu ya ce wata uku, kada a yarda damina ta same ta. Ta uku ya juya ta sau biyu ya ce a kai wa Inna ta yi miya yau.

Gemun Alhaji ya motsa, alamar dariyar da ake ɓoyewa.

Sannan Umar Faruk ya goge hannu a riga, ya ciro waya ya nuna masa. Ya sake gina tsarin tun daga tushe. Yanzu duk kayan da suka shiga sito, manhaja ba za ta ce a fitar ko a bari ba sai an cike wani gurbi da ya sa wa suna Hukuncin Alhaji: ta ajiya, ta tsakiya, ko ta nan take. Ya ce abin da ya gane shi ne manhaja tana da ƙwaƙwalwa amma ba ta da hanci.

A nan ne Rahma ta durƙusa a kan ƙasar gonar, gaban kowa.

"Baba, akwai abin da niɓ ɓoye maka. Ranar lodin nan na ji warin albasar Ayuba. Na sani, nis sa hannu, don ban son in ƙaryata aikinai. Shi bai san albasa ba sa'an nan. Ni na san ta. Laihin da yaɗ ɗauka wata takwas, rabinai nawa na."

Umar Faruk ya dube ta, karo na farko tun rabuwarsu. Ba fushi a idonsa, sai wani abu da ya sa ta kasa ci gaba da kallonsa.

Alhaji ya gyara tsayuwa. Ya dubi 'yarsa, ya dubi hannuwan saurayin da suka yi kanta, ya ce, "Ɗaya ya ɗauki laihin da ba nashi duka ba, ɗaya ta ƙi hancinta don so. Yari, ka ga irin mutanen da za ni bar wa sito?" Ya juya ga Umar Faruk. "Ka ce wa kawunka shi zaka ran Juma'a."

Shafi'u ya ji labari ya yi kwana biyu bai zo lodi ba. A na uku ya aiko cewa motocinsa biyu na nan idan za a kai kayan amarya, kuma ya cika alkawari.

Bayan Salla aka ɗaura aure a Aliero, aka kai amarya Maiyama. Matan rumfar lawashi su suka fi kowa guɗa, suna cewa yau dai mai kuka ya yi dariya. Cikin kayan gara har da buhu guda na albasar Yari, Alhaji da kansa ya zaɓe ta ɗaya-ɗaya. Da Rahma ta durƙusa sallama, ya dafa kanta ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman da damina ba ta ɓatawa, ya sa su ga jikokinsu. Inna Rabi ta amsa da amin tana share ido da gefen mayafi.

Washegari da safe, bayan ta idar da sallah, hannun Rahma ya kai ga waya da kansa. Ta buɗe manhaja, ta dubi gefen allo. Ɗigon bai haska ba. Gabanta ya faɗi kamar yadda ya saba faɗuwa wata takwas, kafin ta tuna inda take.

Sallamarsa ta ji a bakin ƙofa, ya dawo daga masallaci. Ya ga wayar a hannunta, ya ga inda idonta yake, ya gane. Ya zauna kusa da ita, ya karɓi wayar a hankali ya kife ta a kan darduma.

"Rahmata," ya ce, "daina nemana can. Ga ni."